Rashin aikin yi a Zariya: alƙaluma sun sauka, wahala tana nan

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa rashin aikin yi a Najeriya ya tsaya a kashi 4.1 cikin ɗari a watanni ukun farko na shekarar, alhali alƙaluman da ta fitar kafin nan, na ƙarshen 2020, sun nuna kashi 33.3. Duk wanda ya ji wannan labari a Zariya, sannan ya fita ya zaga Kwangila ko PZ ko Ƙofar Doka da hantsi, ya ga samarin da ke zaune a kan benci da waɗanda ke jingine da babura suna jiran fasinja, dole ya tambayi kansa ko a wane gari aka raba waɗannan ayyuka. Gaskiyar magana ita ce ba buɗe sababbin masana'antu ne ya sauko da alƙaluman ba a tsakanin shekarun nan biyu, mudun awon ne aka sauya.

A tsohon tsari, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aikin yi, wanda ya yi tsakanin 20 zuwa 39 ana cewa aikinsa bai kai ba, sai wanda ya cika sa'o'i 40 ne ake ɗauka a matsayin cikakken ma'aikaci. A sabon tsari kuwa, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya tak a cikin mako domin a biya shi ko domin ya ci riba, ya fita daga sahun marasa aiki. Ba na cikin masu cewa hukumar ta shirga ƙarya, domin tsarin da ta koma shi ne wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa, kuma ƙasashe da yawa da shi suke aiki. Matsalar ita ce tambayar da yake amsawa ba ita ce ke damun magidanci a Tudun Wada ko Gyallesu ba. A ƙasar da gwamnati ke biyan wanda ya rasa aiki wani abu duk wata, mutum yana iya zama ya jira har ya sami abin da ya dace da shi. A nan kuwa, wanda ya zauna bai motsa ba zai kwana da yunwa, saboda haka kowa yana taɓa wani abu, ko dako, ko tallan rake, ko cajin waya, kuma da zarar ya taɓa ya shiga lissafin masu aiki.

Rahotannin hukumar da kansu sun tabbatar da haka ga wanda ya karanta su har ciki. Sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan suna yin sa ne ba tare da takardar ɗauka ko fansho ko wata kariya ba, kuma fiye da kashi 80 kansu suke yi wa aiki. Sun kuma nuna wani abu da ya shafi Zariya kai tsaye, wato rashin aikin ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A tsohon ma'auni, Jihar Kaduna ta kai kashi 39.8 a tsakiyar 2020, tana cikin jihohin da suka fi kowa. Hukumar ba ta rarraba alƙalumanta gari-gari, don haka mai son sanin halin da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ke ciki, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan dubu 700 a haɗe, sai ya haɗa da tarihin garin da kuma abin da idonsa ke gani.

Abin da nake gani shi ne, Zariya ta zama garin da ke horar da ma'aikata amma ba ya iya ɗaukarsu, kuma abin da ya fi yaɗuwa a cikinta yau aiki ne wanda ba ya riƙe gida.

Ba haka garin yake ba a da. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta Zariya ya bi, daga baya aka fitar da reshe zuwa Jos, aka kuma fitar da wani zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, sai garin ya zama mahaɗa. Sabon Gari kanta jirgin ƙasa ne ya haife ta, da ma'aikatan reluwe da kantunan Turawa da 'yan kasuwar da suka biyo su. Auduga ta kawo wurin gurza da masu awo da 'yan dako. Kamfanin taba ya buɗe masana'antarsa a 1959, yana sayen ganye daga manoman karkara. Kamfanin Gaskiya ya tara masu ɗab'i da masu haɗa littafi a Tudun Wada. Daga baya aka sami masana'antun tamfol, da kwali, da mitar lantarki, da sirinjin allura, da na matsar man girki, a Cikaji da Dakace da kewaye. Wanda ya gama firamare ko sakandare a wancan zamani yana iya shiga ɗaya daga cikinsu a matsayin lebura, ya koyi inji a hannun na gaba da shi, ya yi aure, ya gina ɗaki biyu a Muciya ko Hayin Dogo, ya sa 'ya'yansa a makaranta da albashin wata. Wanda bai samu a gida ba ya hau mota zuwa Kaduna, inda masaƙun Kakuri ke ɗaukar dubban mutane.

Rushewar ta zo a hankali. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da ake shigowa da su suka yi tsada, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga, wutar lantarki ta ƙi zama, atamfar waje ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Da masaƙa ta tsaya, mai gurzar auduga ya rasa mai saye, manomin auduga ya koma masara, jirgin da ke jigilar kayan shi ma ya daina zuwa. A cikin masana'antun Zariya wasu sun rufe ƙofa, wasu suna aiki da ƙyar da ma'aikata kaɗan. A tsawon waɗannan shekaru kuma haihuwa ba ta tsaya ba, unguwanni sai faɗaɗa suke yi.

Abin da ya rage tsaye shi ne makarantu, kuma a nan ne lamarin Zariya ya bambanta da na sauran garuruwan Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da harabar Samaru da ta Kongo da asibitin koyarwa a Shika. Ga jami'ar horar da malamai ta tarayya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar nazarin sufuri, ga ta fasahar sarrafa fata, ga ta binciken sinadarai a Basawa, ga cibiyoyin binciken noma da na dabbobi, ga kuma barikin horar da kuratan soja. Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa garin da ke da waɗannan duka ba zai san rashin aiki ba. Amma makaranta tana yaye dubbai a kowace shekara, gurbin da ke buɗewa a cikinta kuwa sai wani ya yi ritaya ko ya rasu. Mafi yawan cibiyoyin nan na tarayya ne, ana raba gurabensu ga ƙasa baki ɗaya, kuma an sha dakatar da ɗaukar ma'aikata na tsawon shekaru. Ƙananan ayyukan da ɗan gari marar zurfin karatu ke samu a da, irin su shara da gadi da yankan ciyawa, tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka miƙa su ga 'yan kwangila, waɗanda ke biyan abin da suka ga dama, ba fansho ba garatuti. Yaron da ya tashi a Samaru ko Zango ko Palladan yana ganin jami'a tun yana rarrafe, ya shiga ya fito da kwali, ya je bautar ƙasa ya dawo, sai ya tarar cewa alawus ɗin shekarar nan ɗaya shi ne kuɗin wata na ƙarshe da zai gani na dogon lokaci.

Duk da haka, makarantun ne ke ciyar da babban ɓangare na garin, ta hanyar albashin ma'aikata da aljihun ɗalibai, kuma ba a gane girman wannan dogaro sai ranar da aka rufe su. Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, na riƙa bi ta titin Samaru da yamma, lokacin da a ka'ida mutum ba ya samun wurin ajiye ƙafa a bakin babbar ƙofa. Shagunan buga takardu da ɗaukar hoto rabinsu a kulle, masu shayi sun rage tebura, mai wanki da guga yana zaune da dutsen guga ba wuta, direbobin bas suna kwashe lokaci mai tsawo kafin mota ta cika zuwa Sabon Gari, masu gidajen haya kuma suna kallon ɗakuna a rufe da kayan ɗalibai a ciki, ba haya ba damar sa wani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka sallama daga aiki, don haka babu rajistar da za ta nuna sun rasa komai, amma wata takwas suka yi suna cin jari. Kafin wannan an yi wani yajin na kusan wata tara a 2020, wanda ya haɗu da kullen korona, kuma akwai shagunan da tun daga lokacin ba su sake buɗewa ba.

Aikin gwamnatin jiha da na ƙaramar hukuma, wanda shi ne mafakar mai takardar malanta ko difloma, shi ma ya girgiza. Bayan jarrabawar gwaji ta 2017, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sallami malaman firamare fiye da dubu 21 a faɗin jihar, ta ɗauki sababbi a madadinsu. A Afrilun 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu. Ana iya jayayya a kan ko matakan sun dace, kuma akwai masu hujja a kowane ɓangare, amma sakamakonsu a unguwa ɗaya ne: magidanta masu shekara arba'in da hamsin sun shigo kasuwar buga-buga suna gogayya da 'ya'yan cikinsu.

Ita wannan kasuwa ta buga-buga ita ce ta cancanci a tsaya a duba, domin a cikinta ne mafi yawan waɗanda alƙaluma ke kira masu aiki suke. A ɗauki matuƙin Keke Napep wanda ba shi ne mai keken ba. Yana fitowa bayan sallar asuba da bashi a wuyansa, domin akwai balas da zai kai wa mai shi da dare, ko an samu ko ba a samu ba. Kafin ya ajiye ko sisi na cefane sai ya fitar da kuɗin mai, da na tikitin ƙungiya, da na haraji, da abin da zai bayar idan aka tare shi a hanya, kuma ranar da taya ta fashe ko inji ya buga, cinikin kwana biyu ya tafi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ya ƙara kuɗin mota, fasinja ya rage fita ko ya taka da ƙafa, sannan kullum sababbin matuƙa suna shigowa layin, domin duk wanda aka sallama ko ya gaji da jiran aiki nan yake nufa. Haka abin yake ga masu POS, waɗanda suka yawaita bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, har ta kai a kan sami lema uku ko huɗu a jere a bakin layi ɗaya, kowa yana jiran mai cirar dubu biyu. Malamar makarantar kuɗi kuwa, mai digiri ko takardar malanta, tana koyarwa daga safe zuwa azahar a kan abin da a makarantu da yawa bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ba, a shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. A lokacin hutu wasu makarantun ba sa biya kwata-kwata.

Akwai kuma wani rukuni da ba a cika ambata ba idan ana maganar rashin aiki, domin hankali ya fi karkata ga masu kwali. Rashin tsaro a Giwa da Birnin Gwari da makwabtan yankunan Katsina da Zamfara ya kori manoma da yawa daga gonakinsu, suka tare a gefen gari. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, amma ɗan ci-rani na da yana zuwa bayan kaka ya koma da faɗuwar ruwan farko. Na yanzu ya zo da iyali, kuma ba shi da ranar komawa. Su ne ake gani da sassafe a bakin titi da shebur da diga da kwanon kwaɓa siminti, suna jiran mai gini ya tsaya da mota, kuma idan ya tsaya yana neman mutum uku, goma ne za su taso, wanda hakan kaɗai ya isa ya karya kuɗin yini. Matansu suna wanke-wanke da surfe a gidajen mutane. Mata gaba ɗaya ma lissafinsu ya fi na kowa ɓacewa, domin wadda ke ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko kitso a cikin gida tana aiki tuƙuru, ribarta kuwa sau da yawa ba ta wuce kuɗin sabulu da na makarantar allo ba.

Amsar da aka fi bai wa matasa ita ce su daina jiran gwamnati su koyi sana'a. Shawara ce mai kyau, kuma Zazzagawa ba baƙin sana'a ba ne. Cikin birni an san shi da ɗinkin hannu na manyan riguna, aska biyu da aska takwas, aikin da ke bi ta hannun mai zane da mai allura da mai haɗawa da mai bugu kafin riga ta isa kasuwa, kuma gidaje da yawa da shi suka yi karatun 'ya'yansu. Sai dai sana'a tana rayuwa ne da mai saye. Idan aka tara matasa ɗari aka koya musu ɗinki da haɗa sabulun ruwa da man shafawa a cikin mako biyu, aka raba musu keken ɗinki a gaban 'yan jarida, sannan aka sake su cikin unguwar da kowa ke lissafin kwanon masara, an ƙara yawan masu sayarwa ne kawai ba a ƙara masu saye ba. Ga kuma wuta. Mai walda da mai niƙa da mai aski da mai sayar da ƙanƙara duk da lantarki suke aiki, kuma kowa ya ga yadda sana'o'i suka tsaya cik a Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta.

Shirye-shiryen gwamnatin tarayya sun taimaka wa wasu, amma na ɗan lokaci. N-Power da aka fara a 2016 ya riƙa biyan masu digiri naira dubu 30 a wata, wasu suka tara suka ja jari, da yawa kuma da wa'adin ya ƙare suka koma inda suka fito. A gefe guda, imani ya kafu a zukatan matasa cewa aikin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu ko mai kuɗin sayen gurbi, kuma binciken da Majalisar Wakilai ta gudanar a 2023 kan cinikin guraben aiki ya nuna cewa zargin ba daga sama ya faɗo ba. Wannan imani yana da tsada, domin yana sa iyali su sayar da fili ko gona su miƙa wa dillalin da zai kawo takardar bogi, yana kuma sa ƙanin mai digiri ya ce ba zai wahalar da kansa da karatu ba. Wanda ya ga yadda samari da 'yan mata, har da magidanta, suka duƙufa kan dangwalar waya a 2024 da sunan haƙar kuɗin kirifto, dare da rana, bai kamata ya kira su malalata ba. Mutane ne masu lokaci da ƙarfi waɗanda ba wanda ya nemi lokacinsu ko ƙarfinsu, shi ya sa suka zuba su inda aka yi musu alƙawari.

Idan ana neman inda ayyuka masu yawa za su iya fitowa, ni a ganina ba a ofis ba ne, a tsakanin gona da kasuwa ne. Ƙasar Zazzau tana noma masara da waken soya da shinkafa da rake da barkono, fadamun kogin Galma suna fitar da tumatir da albasa a rani, cibiyar binciken noma ta Samaru ta shafe shekaru tana fitar da ingantaccen iri, kuma akwai kamfanonin iri a garin. Amma yawancin amfanin yana barin yankin ɗanye a bayan manyan motoci, tumatir kuma yana ruɓewa a kwando a lokacin da ya yi yawa. Fata ma haka take fita, alhali makarantar koyar da sarrafa ta tana Samaru. Kowane mataki na sarrafawa, daga busarwa da niƙa da matsa zuwa ɗurawa a buhu ko gwangwani, aiki ne na mai takarda da marar takarda a lokaci guda, irin wanda masana'antun da suka rufe ke bayarwa. Abin da ke hana mai jari kafa irin wannan wuri sananne ne: wuta, da tsaron hanyar ƙauye, da bashin banki mai ruwan da ba a iya biya.

Shi ya sa nake bin labarin bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da na sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, fiye da yadda nake bin sanarwar rabon kayan tallafi. Dukansu biyu ta ƙasar Zazzau za su ratsa. Idan gas ya wuce ta gefen gari bai sauka a Dakace da Cikaji ba, jirgi kuma ya tsaya ɗaukar fasinja kawai babu wurin lodin kaya, to leburancin shimfiɗa su ne kaɗai rabon matasanmu, kuma shi yana ƙarewa ranar da ɗan kwangila ya kwashe injunansa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata wakilan Zariya da Sabon Gari a majalisun jiha da na tarayya su riƙa amsawa a duk zaman da suka yi da jama'a. Jihar Kaduna kuma tana da hukumar ƙididdiga tata, wadda za ta iya auna kowace ƙaramar hukuma daban, ta tambayi mutum sa'o'i nawa ya yi aiki a mako, nawa ya samu, da kuma mutum nawa ke ci daga hannunsa.